Yadda ake buɗe reshe a Git, a tura shi GitHub, abokin aiki ya ɗauka

Ku biyu ne ko ku uku kuna gina manhaja ɗaya, kowa da kwamfutarsa. Wani yana gyara shafin biyan kuɗi, wani yana ƙara jerin kaya. Idan kowa ya riƙa zuba nasa kai tsaye a babban layin aikin, ba a jimawa wani zai taka aikin wani, ko kuma abin da bai nuna ba ya isa hannun masu amfani da manhajar. Shi ya sa ake ware reshe a Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki. Kowa ya ja nasa layin gefe, ya yi aikinsa a natse, in ya gama a duba a haɗe.

Buɗe reshen kansa umarni ɗaya ne. Rikicin yana farawa ne idan aka zo tura shi ma'ajiyar da ke kan intanet, ko ɗauko wanda wani ya tura. Nan ne za ka ji ɗaya yana cewa "ai na tura tun ɗazu", ɗayan yana cewa "ni dai ban ga komai ba", kuma dukkansu gaskiya suke faɗa. Misalan da za su biyo baya na GitHub ne, shafin da ke riƙe irin waɗannan ma'ajiyoyi, amma umarnin bai canza ba ko da a GitLab ko Bitbucket kuke ajiye aikinku.

## Reshe ɗaya, wuri uku

Linus Torvalds ya fara rubuta Git a watan Afrilun 2005 domin masu aikin Linux, waɗanda suke warwatse a ƙasashe daban-daban. Saboda haka aka tsara shi yadda kowa zai riƙe cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa. Buɗe reshe, sauya reshe, adana canji, duba tarihi, duk a cikin kwamfutarka suke faruwa, ko akwai intanet ko babu. Daga cikin umarnin yau da kullum, huɗu ne suke fita waje: `clone`, `fetch`, `pull` da `push`.

Ke nan reshe mai suna `biyan-kudi` yana iya zama a wuri uku a lokaci guda. Na farko naka ne, shi kake aiki a kai. Na biyu yana can a GitHub. Na uku shi ne `origin/biyan-kudi` (`origin` laƙabin ma'ajiyar GitHub ɗin ne), kuma shi ne mai ruɗar mutane, domin sunansa yana sa a ɗauka a can yake, alhali a kwamfutarka yake zaune. Abin da Git ya gani ne a reshen GitHub a leƙawarsa ta ƙarshe, ya rubuta ya ajiye. Kamar farashin shinkafa ne da ka ji ranar da ka je kasuwa: yana nan a kanka yadda ka ji shi, ko da tuni an ƙara kuɗi, sai ka sake komawa kafin ka sani.

Don haka idan `git status` ya ce maka "Your branch is up to date with 'origin/main'", wato babban reshenka, `main`, yana daidai da `origin/main`, bai ce babu sabon abu a GitHub ba. Ya dai gwada reshenka da tsohon labarin da yake riƙe da shi. Babu abin da yake motsawa tsakanin wuraren nan uku sai ka ba da umarni. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suke.

Wani abin da zai cire maka tsoron buɗe rassa da yawa: reshe ba kwafin fayilolinka ba ne. Kowane canji da ka adana a tarihi, wanda masu sana'ar suke kira komit, yana da lambarsa mai haruffa da alƙaluma 40. Reshe kuwa ɗan ƙaramin fayil ne a cikin `.git/refs/heads/` da yake ɗauke da lambar komit na ƙarshe, shi ke nan. Ko aikin ya kai girman me, buɗe reshe ba ya cin wuri kuma ba ya cin lokaci.

## Mataki na 1: shirya kwamfutarka

Buɗe taminal, wato tagar da ake buga umarni, ka duba wane Git kake da shi:

```
git --version
```

Kana buƙatar 2.23 ko sama da haka, domin a nan ne umarnin `git switch` ya shigo, a watan Agustan 2019. Idan naka ya girmi haka, sabunta shi. Sannan ka gaya wa Git sunanka da imel ɗinka, su ne za su riƙa fitowa a kan kowane komit:

```
git config --global user.name "Sunanka"
git config --global user.email "imel-dinka"
```

Saura shaidar shiga. Tun 13 ga Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen turawa daga taminal. Tsofaffin darussa da yawa har yanzu suna cewa ka sa kalmar sirrinka, kuma ba za ta yi ba. Idan Windows kake amfani da shi, Git ɗinsa yana zuwa da Git Credential Manager, wanda zai buɗe maka burauza ka shiga sau ɗaya ya riƙe. Ɗaya hanyar, wadda na fi so, makullin SSH ce, wato makullin da ke shaida wa GitHub cewa kwamfutarka ce:

```
ssh-keygen -t ed25519 -C "imel-dinka"
```

Zai samar da fayil biyu a foldar `.ssh`. Wanda sunansa ya ƙare da `.pub` shi za ka kwafa ka liƙa a GitHub, ƙarƙashin Settings, sashen SSH and GPG keys. Ɗayan ba ya barin kwamfutarka, kuma ba a tura wa kowa shi, ko da shugaban aikin ne ya nema. Gwada da `ssh -T git@github.com`. In ya gaishe ka da sunan asusunka, an gama. Wasu cibiyoyin intanet na ofisoshi da makarantu suna toshe ƙofa ta 22 da SSH yake bi. Idan ka ga ya tsaya cak ba amsa, koma wa adireshin HTTPS.

## Mataki na 2: haɗa kwamfutarka da ma'ajiyar

Idan aikin yana GitHub tuni, kwafo shi:

```
git clone git@github.com:sunanka/kanti.git
cd kanti
```

Idan kuwa a kwamfutarka aka fara shi, buɗe ma'ajiya babu komai a ciki a GitHub, sannan ka haɗa su:

```
git remote add origin git@github.com:sunanka/kanti.git
git push -u origin main
```

`origin` laƙabi ne kawai da Git yake ba adireshin da aka kwafo daga gare shi. `git remote -v` zai nuna maka inda yake nunawa. Babban reshe kuma a wasu ayyuka sunansa `main`, a wasu `master`. GitHub ya koma `main` ga sababbin ma'ajiyoyi daga 1 ga Oktoban 2020, tsofaffin ayyuka da yawa kuma ba su canza ba. Duba naku da `git branch` ka musanya sunan a duk inda na rubuta `main`.

## Mataki na 3: buɗe reshen daga wuri mai kyau

Sabon reshe yana tashi ne daga inda kake tsaye. In kana kan tsohon `main` na makon jiya, daga can zai tashi. In kana kan wani reshen da ba a gama ba, zai kwashi duk abin da ke cikinsa. Saboda haka ka saba da waɗannan ukun a jere:

```
git switch main
git pull
git switch -c biyan-kudi
```

Na farko ya mayar da kai babban reshe, na biyu ya jawo abin da aka ƙara, na uku ya buɗe sabon reshe ya kuma shigar da kai ciki. A tsofaffin darussa za ka ga `git checkout -b biyan-kudi`, aikinsu ɗaya.

Sunan reshe yana da ƙa'ida. Git ba ya karɓar sarari a ciki, haka ma ɗigo biyu a jere, da alamomin `~`, `^`, `:`, `?` da `*`. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, yana karɓarsu, amma ba na ba da shawarar a sa su. Ba kowane abokin aiki ne yake da su a allon rubutunsa ba, kuma suna ne da za a yi ta bugawa. Shi ya sa na rubuta `biyan-kudi`. Alamar da ke gaban 'yan da 'ya ta fi su matsala, domin taminal yana ɗaukarta a matsayin buɗe zance, sai ya zauna yana jiran ka rufe. A tsaya ga ƙananan haruffa ma: Windows da macOS, a yadda suke zuwa, ba sa bambanta `Gyara` da `gyara` a sunan fayil, sabar GitHub kuwa tana bambantawa, kuma wannan saɓanin yana haifar da rikici mai wuyar ganewa.

Ƙungiyoyi da yawa suna sa sanda a tsakiya don tsari, kamar `gyara/farashi` da `sabo/biyan-kudi`. Yana da kyau, sai dai da tarko ɗaya. Tun da reshe fayil ne, sandar kuma folda take buɗewa, ba za ka iya samun `gyara` da `gyara/farashi` tare ba.

To idan ka riga ka fara gyara a kan `main` kafin ka tuna fa? In ba ka yi komit ba tukuna, babu damuwa, `git switch -c biyan-kudi` zai tafi da gyare-gyarenka sabon reshen. In ka yi komit amma ba ka tura ba, yi haka:

```
git switch -c biyan-kudi
git branch -f main origin/main
```

Sabon reshen ya riƙe komit ɗinka, `main` kuma ya koma daidai inda na GitHub yake.

## Mataki na 4: yi aikin ka adana

```
git status
git add shafin-biya.html
git commit -m "Kara shafin biyan kudi"
```

Wannan sananne ne, ba sai an ja shi ba. Abu ɗaya kawai: karanta abin da `git status` ya lissafa kafin ka buga `git add .`, domin ta nan ne fayil ɗin `.env` mai ɗauke da makullan sirri na kamfanin biyan kuɗi ko na rumbun bayanai yake sulalewa. Sa shi a `.gitignore`, fayil ɗin da ke lissafa abin da Git zai ƙyale, tun ranar farko. Idan makulli ya riga ya hau GitHub, goge shi a komit na gaba bai wadatar ba, yana nan a tarihi. A soke shi a karɓi sabo. Haka kuma GitHub ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce MB 100, don haka bidiyo da manyan fayilolin zif su tsaya a waje.

## Mataki na 5: tura reshen

Har yanzu babu wanda ya san da reshenka sai kwamfutarka. In ta lalace ko aka sace ta yau, ya tafi. Tura shi:

```
git push -u origin biyan-kudi
```

Abu uku ne suka faru da wannan layin. An buɗe reshe mai suna `biyan-kudi` a GitHub an zuba komit ɗinka a ciki. An rubuta `origin/biyan-kudi` a kwamfutarka. Sannan `-u` ya ɗaure reshenka da na can, ta yadda daga yanzu `git push` da `git pull` kaɗai sun isa, kuma `git status` zai iya gaya maka ko kana gaba ko kana baya.

In ka buga `git push` kawai a karon farko, zai ƙi, ya ce "The current branch biyan-kudi has no upstream branch", ya kuma rubuto maka umarnin da ya dace. Kwafa ka buga. Wanda ya gaji da wannan, daga Git 2.37 na 2022 akwai saitin da yake ɗaurewa da kansa:

```
git config --global push.autoSetupRemote true
```

Wani lokaci kana son sunan can ya bambanta da na wajenka. Sai ka rubuta su biyun, naka a hagu, na can a dama:

```
git push -u origin gwajina:biyan-kudi
```

Yana aiki, amma ban cika son sa ba. Idan sunayen suka bambanta, `git push` shi kaɗai zai riƙa ƙi a saitin da Git yake zuwa da shi tun 2.0, sai ka yi ta rubuta cikakken layin. Gara ka canza sunan naka da `git branch -m biyan-kudi` su zama ɗaya.

Kafin ka aika wa kowa saƙon cewa ka tura, tabbatar:

```
git branch -vv
git ls-remote --heads origin
```

Na farko yana nuna kowane reshe naka da wanda aka ɗaure shi da shi. Na biyu yana tambayar GitHub kai tsaye, a wannan lokacin, waɗanne rassa yake da su da lambar komit ɗin kowanne. In lambar da ke gaban `biyan-kudi` ta fara da irin haruffan da na farko ya nuna maka, aikinka ya isa.

## Mataki na 6: yadda abokin aiki zai ɗauka

Da farko sai yana da izini. In ma'ajiyar ta sirri ce, mai ita zai shiga Settings, sashen Collaborators, ya gayyace shi, shi kuma ya karɓi gayyatar. Mutane suna mantawa da wannan karɓar, sai su ga "Repository not found" su ɗauka adireshin ne ba daidai ba. GitHub yana ba da wannan amsar ne ga duk wanda ba shi da izini, don kada ya tona cewa ma'ajiyar tana nan.

A kwamfutar abokin naka, `git branch` ba zai nuna sabon reshen ba. Ko `git branch -r`, mai lissafa rassan `origin`, ba zai nuna ba, domin Git ɗinsa bai leƙa ba tun da ka tura. Wannan shi ne asalin "ban ga komai ba". Abin da zai yi:

```
git fetch
git switch biyan-kudi
```

`git fetch` yana kwaso labarin duk rassa ya sabunta su `origin/...`, ba ya taɓa ko fayil ɗaya da mutum yake aiki a kai. Don haka ana iya buga shi a kowane lokaci ba fargaba, ko da ana tsakiyar gyara. Layi na biyu kuma, da Git ya ga babu reshe mai wannan suna a gida amma akwai `origin/biyan-kudi`, sai ya buɗe shi ya ɗaure su.

Kada ya buga `git checkout origin/biyan-kudi`. Zai ga fayilolin, amma Git zai ce masa yana cikin "detached HEAD", wato yana tsaye a kan komit ba a kan reshe ba. Duk komit ɗin da ya yi a haka ba shi da reshen da yake riƙe da shi, kuma da zarar ya sauya wuri sai an yi nema. In ya riga ya faɗa ciki, `git switch -c wani-suna` zai ba aikin reshe kafin ya motsa.

Akwai hali biyu da wannan matakin yake ƙi. Na farko, idan mutum yana da ma'ajiyar nesa fiye da ɗaya kuma reshen yana cikin dukkansu, Git ba zai zaɓa masa ba, sai ya fayyace: `git switch --track origin/biyan-kudi`. Na biyu ya fi shafar masu tattalin data. Da yawa muna kwafo babban aiki da `git clone --depth 1` don kada ya cinye mana kuɗi, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai irin wannan kwafin reshe ɗaya kawai yake bi, ko an yi `fetch` sau nawa sauran ba za su fito ba. Gyaransa:

```
git remote set-branches origin '*'
git fetch
```

In reshe ɗaya kawai ake so a ƙara, `git remote set-branches --add origin biyan-kudi` ya fi sauƙi a kan data.

## Mataki na 7: idan ku biyu kuna turawa reshe ɗaya

Ka yi komit, ka buga `git push`, sai ka ga wannan:

```
! [rejected]  biyan-kudi -> biyan-kudi (fetch first)
```

Babu abin da ya lalace. Abokinka ne ya riga ka turawa, reshen GitHub yana da komit ɗin da ba ka da shi, kuma Git ba zai yarda ka rufe nasa da naka ba. Sai ka jawo nasa tukuna. Hanya biyu ce, kuma sababbin Git ba sa zaɓa maka, suna tsayawa su ce ka faɗi wadda kake so.

```
git pull --rebase
git push
```

Wannan yana cire komit ɗinka na ɗan lokaci, ya shimfiɗa na abokinka, ya sake ɗora naka a sama. Tarihi ya tafi a layi ɗaya. Ɗayar, `git pull --no-rebase`, tana haɗa su ne da wani ƙarin komit na haɗewa. Ga komit ɗin da ba ka tura ba tukuna, ta farko ta fi tsabta, kuma ita nake sawa ta zama ta kullum da `git config --global pull.rebase true`.

In kun taɓa layi ɗaya a fayil ɗaya, Git zai tsaya ya bar maka hukunci. A cikin fayil ɗin za ka ga:

```
<<<<<<< HEAD
kudin_aike = 1500
=======
kudin_aike = 1800
>>>>>>> a1b2c3d
```

A lura sosai a nan. Lokacin `rebase`, na sama mai alamar `HEAD` shi ne wanda ya zo daga GitHub, na ƙasa shi ne naka. A haɗewa ta `merge` akasin haka ne. Mutane da yawa sun goge aikinsu da hannunsu saboda sun ɗauka `HEAD` kullum nasu ne. Zaɓi wanda ya dace, in ba ka san dalilin canjin abokinka ba kira shi ka tambaya, goge layukan alamomin uku, sannan:

```
git add sunan-fayil
git rebase --continue
```

In abin ya cakuɗe, `git rebase --abort` zai mayar da kai inda kake kafin ka fara.

Idan ka nemi maganin "rejected" a intanet, za ka ci karo da masu cewa ka ƙara `--force`. Turawar za ta wuce kam, amma ta hanyar share komit ɗin abokinka daga reshen GitHub. A reshen da wani yake taɓawa, kada ka yi. A reshen da kai kaɗai kake aiki, bayan ka gyara tarihinka da gangan, yi amfani da `git push --force-with-lease`. Shi yana duba ko reshen can yana nan inda `origin/biyan-kudi` ɗinka ya ce yake, in wani ya ƙara abu sai ya ƙi. Shi ma yana da rauni: idan editanka yana yin `fetch` da kansa a ɓoye, kamar yadda ake iya saita VS Code, labarin naka zai sabunta ba tare da ka gani ba, kariyar ta faɗi. Duba `git log origin/biyan-kudi` da idonka kafin ka tilasta.

Yayin da kuke wannan aikin, `main` ma yana tafiya. Reshen da ya kwana biyu bai ji daga `main` ba, ranar haɗewa ake shan wahalarsa. Ku riƙa shigo da shi a kai a kai:

```
git fetch
git merge origin/main
git push
```

A nan `merge` na rubuta da gangan. Yin `rebase` a kan komit ɗin da aka riga aka tura yana canza lambobinsu, wanda duk ya riga ya ɗauka sai tarihinsa ya saɓa da naka.

## Mataki na 8: neman a haɗe

Da ka tura, GitHub yakan nuna maɓallin "Compare & pull request" a shafin ma'ajiyar. Danna, tabbatar reshen da za a zuba a ciki `main` ne, rubuta abin da ka canza da dalili, ka zaɓi wanda zai duba. A GitLab sunan abin "merge request". In an nemi gyara, ba sai ka buɗe wata buƙatar ba. Yi komit a reshen nan ka tura, za ta sabunta da kanta.

Mai ma'ajiya yana iya kulle `main` a Settings yadda babu mai turawa kai tsaye kuma babu mai tilastawa. A asusun kyauta wannan yana aiki ne ga ma'ajiyar da take a buɗe ga kowa, ta sirri kuwa sai da asusun biya. In ba ku da shi, sai ku yi yarjejeniya a tsakaninku ku kuma riƙe ta.

Idan aikin na wasu ne kuma ba ka da izinin turawa, kamar manhajojin da kowa yake iya ba da gudummawa, danna "Fork" ka samu kwafinka a asusunka. Naka shi ne `origin`, na asalin kuma ka ƙara shi da `git remote add upstream` da adireshinsa. Ka riƙa jawowa daga `upstream`, kana turawa `origin`, sauran matakan duk ɗaya ne.

## Mataki na 9: share reshen bayan an haɗe

Tun da wuri uku reshen yake, sau uku ake share shi:

```
git push origin --delete biyan-kudi
git switch main
git pull
git branch -d biyan-kudi
```

Layin farko ya cire na GitHub, kuma ya tafi da `origin/biyan-kudi` na kwamfutarka. In ta maɓallin "Delete branch" na shafin aka goge, ko kuma a kwamfutar abokan aikinka, `origin/biyan-kudi` ɗin zai ci gaba da fitowa a `git branch -r` har sai an buga `git fetch --prune`. Saita `git config --global fetch.prune true` sau ɗaya ka huta.

Ƙaramin `-d` yana ƙin goge reshen da Git yake ganin ba a haɗe ba, babban `-D` kuwa ba ya tambaya. Za ka gamu da ƙin nan ko da an haɗe, idan an yi amfani da "Squash and merge", domin shi yana dunƙule komit ɗinka duka ya mayar da su sabo guda ɗaya mai wata lamba dabam, Git kuma lamba yake dubawa. Buɗe `main` ka ga aikin yana ciki, sannan ka sa `-D`.

Canza sunan reshen da aka riga aka tura ma ta nan yake bi: `git branch -m sabon-suna`, sai `git push -u origin sabon-suna`, sai a goge tsohon da `--delete`. A sanar da abokan aiki kafin a yi, domin nasu yana ɗaure da tsohon sunan.

In aka goge reshe bisa kuskure, duba abin da Git ya rubuta lokacin gogewar, wani abu kamar "Deleted branch biyan-kudi (was a1b2c3d)". Wannan lambar ita ce komit na ƙarshe, kuma `git branch biyan-kudi a1b2c3d` zai dawo da reshen yadda yake. In an rufe taminal ɗin, `git reflog` yana lissafa duk inda ka tsaya a baya-bayan nan tare da lambobinsu. Komit ɗin da babu reshen da yake riƙe da su, kwana 30 yake ajiye sawunsu a saitin da Git yake zuwa da shi, don haka a nema da wuri. A GitHub kuma, shafin buƙatar haɗewar da aka rufe yana da maɓallin "Restore branch".